Funfuna a Likkafanin Inna Tasalla

Har yau idan na shiga ɗakin da aka daɗe ba a hura wuta ba, hancina ne ke riga ni shiga. Da na ji warin nan na danshi sai in tuna garin Ƙarfi, in tuna Inna Tasalla. Abin ya faru tun ina da ƙarfina, tun ba a san Nasara a ƙasar nan ba, amma na tsufa na bar warin yana nan yadda yake.

Sunana Hansai. Mijina masaƙi ne, Mati ake ce masa. Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, ni kuma haƙorana suka zube, ina iya faɗin sunan ba mai cewa na yi rashin kunya. Mun zo Ƙarfi ne shekarar da mahara suka ƙone ƙauyenmu can wajen Dandume. Abin da muka tsira da shi kayan saƙarsa ne da tukunya ɗaya. Muka yi kwana uku a gidan mai unguwa Sabo, shi a zaure, ni a wajen matan gidan, har mai unguwa ya gaji da ganinmu ya ja mu zuwa gidan wata tsohuwa.

Ita ce Inna Tasalla. Mijinta ya rasu shekara shida, ba ɗa ba jika. Tana zaune a ɗan ɗakinta na jinka, soron mijin kuwa yana nan a rufe kusa da ƙofar gida. Mace ce 'yar ƙarama, yanar ido ta fara cin ganinta, amma bakinta lafiya lau. Ta saurari mai unguwa har ya gama, sannan ta shiga ɗaki ta jawo wata tukunya ta buɗe. Curin zare ne cike da ita, fari fat.

"Ba ni son dawarku, ba ni son ku yi mani noma," in ji ta. "Likkafanina nike so. Ka saƙa mani shi da zaren nan, ku zauna a soron har ran da Allah ya yi."

Shekara huɗu ta yi tana tara zaren. Audugar ita ta shuka a 'yar gonarta ta bayan gida, ita ta tsince, ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa. Ta ce ba ta bar komai a duniya ba, ba ta so kuma ta tafi cikin mayafin da wani ya taimaka mata da shi don tausayi. Mati ya ɗauki curi ɗaya ya ja zaren tsakanin yatsunsa. Daga baya ya gaya mini shekara ashirin yana saƙa bai taɓa riƙe zare mai laushi da daidaito irin wannan ba. Ni kuwa hannunta na duba. Yatsun sun lanƙwashe kamar citta, ko mazari ba za su iya murzawa ba. Abin da ke cikin tukunyar nan shi ke nan, babu wani a bayansa.

Sai ta kafa sharaɗi. Kada Mati ya hau kan soron, kada ya taɓa bango da yaɓe, ko da tsaga ya gani.

Ba mugunta ba ce, tsoro ne. A garin, baƙon da aka ba aron ɗaki idan ya yi masa yaɓe da hannunsa shekara biyu uku, watarana sai ya tashi ya ce guminsa na jikin ginin, kuma a sami dattawan da za su gyaɗa kai. Ta ga an yi wa maƙwabciyarta haka, ta ga matar ta fita daga gidan mijinta da tabarma a ka. Mace ita kaɗai ba ta da abin kare gida sai wannan hanin.

"To Inna, in ruwa ya zubo fa?" Mati ya tambaya.

"Mudi na nan, ƙanen mai gidana. Shi ke gyaran kowace shekara."

Mai unguwa ya yi tari ya dubi ƙasa. Da ina da wayo da tun a tarin nan na gane ko wane ne Mudi.

Mati ya kafa masaƙarsa a gindin ɗorawar ƙofar gida, ya yi rani guda a kan aikin. Kafin ya taɓa zaren sai ya wanke hannu, ko goro ya daina ci don kada ya ɗiga. Ƙwarya ake kiran tsirin nan mai faɗin tafin hannu da masaƙi ke fitarwa, a haɗa da yawa a ɗinka zane. Ranar da ya gama ƙwaryar farko ya kai wa Inna. Ta shafa ta, ta kai hanci, ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, ta naɗe ta cusa ƙarƙashin matashinta. Ta ce wannan ɗaya za ta riƙe don ta riƙa taɓawa, sauran kuwa a ajiye a wajenmu, don ɗakinta kullum hayaƙi ne, kada ya rina mata su.

Wannan maganar ta hayaƙi ita ta shiga kan Mati ta zauna daram. Ya jera ƙwarya talatin da biyu cikin adudu, kwandon nan mai murfi da ake ajiye tufafi, ya rataye shi a jikin azara. Sannan ya ce daga yau ba wuta a soron nan, ko ta jin ɗumi. Kowa ya san ɗakin ƙasa da wuta yake rayuwa, ita ke busar da bango ta kori gara. Shi ma ya sani, uwarsa ba a kan dutse ta haife shi ba. Amma ya riga ya ga farin nan, ya kasa jure tunanin ya dushe a hannunsa.

Ruwan farko ya sauka, muka yi murna kamar kowa. A ruwa na uku na ga wani baƙin layi ya sauko a bangon gabas, daga azara har ƙasa. Na fita na ɗaga kai, na ga indararon da ya kamata ya zubar da ruwa yana ɗan ɗiga kawai kamar mai jin kunya. Na je na gaya wa Inna.

"Ki je ki faɗa ma Mudi, ɗiyata."

Na je. Baba Mudi mutum ne mai faɗin fuska da daɗin baki, irin wanda zai raka ki har ƙofa da alkawari ki dawo gida kina jin kamar an gama aikin. Ya ce bayan shuka. Da aka gama shuka ya ce bayan noman fari. Da aka gama noman fari ya ce ai bai jiƙa makuba ba, ɓawon ɗorawar nan da ake kwaɓa ƙasa da ruwansa don ta hana ruwa shiga, kuma yaɓe ba makuba wahalar banza ce. Sau biyar na taka gidan mutumin nan, har karensa ya daina yi mini haushi.

Na dawo na ce da Mati ya hau da kansa, wa zai gani? Ya ce ya yi alkawari gaban mai unguwa, kuma duk wanda ya hau soro rabin unguwa na kallonsa. Na ce to mu hura wuta. Ya ce likkafani fa? Na koma wajen Inna na roƙe ta ta ɗage hanin na yini ɗaya. Ta ce haka aka fara wa maƙwabciyarta ma, da yini ɗaya. Na ce to ta karɓi adudun ta ajiye a ɗakinta. Ta ce hayaƙi fa? Haka na yi ta zagaye tsakanin mutum uku, kowa da dalilinsa mai kyau, bango kuwa yana ta shan ruwa abinsa. Wallahi na gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa.

Sai marka ta kama. Kwana tara ba mu ga rana ba. Funfuna ta fara daga takalman Mati, ta yi musu gashi kore. Ta hau akushi, ta bi ƙarƙashin tabarma, ta kama bangon gabas har ya yi fari-fari kamar an watsa masa gari. Zanen da zan ɗaura da safe sai in ji shi sanyi da wari. Na fara tari, tarin da bai sake ni ba sai kaka. Mati yakan ɗaga kai ya dubi adudun ya ce ai yana sama, kuma a rufe yake. Bai buɗe ba, wai kada danshin ɗakin ya shiga. Ni ma ban ce ya buɗe ba. Ina jin dukanmu tsoro muke ji.

Ranar da rana ta fito, da hantsi, ya sauko da shi tsakar gida don ya shanya. Ashe ruwan ya bi azara, ya bi igiya, ya yi ta ɗiga a kan murfin. Da ya buɗe, warin ne ya fara dukanmu. Ƙwaryoyin sama sun yi baƙi-baƙi da kore, tabo kan tabo. Na ƙasa ma ba su tsira ba, duk inda aka ninke funfuna ta bi ninkin ta ja layi. Mati ya durƙusa a wurin, yana ta juya su ɗaya bayan ɗaya ko zai sami mai lafiya. Bai samu ba.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana shan rana. Ba ta gani sosai, amma hancinta ba yana a kansa.

"Mi ke wari haka, masaƙi?"

Ta miƙo hannu. Ya rarrafa ya ɗora mata ɗaya a kai. Ta kai kusa da ido, ta kai hanci, ta ajiye a cinya. Na yi zaton za ta yi kururuwa, na ma fi son ta yi. Sai kawai ta ce, "Shekara huɗu," ta tashi ta shige ɗaki.

Kafin azahar Baba Mudi ya iso, mutumin da wata uku ƙafarsa ta kasa kawo shi. Ya cika gidan da faɗa, wai baƙi sun ruɓar da ɗakin ɗan'uwansa, wane irin mutum ne zai yi damina bai hura wuta ba, a kai mu gaban mai unguwa. Aka kai mu.

Mai unguwa Sabo ya saurari kowa. Da aka zo kaina na ƙirga masa zuwana biyar, na faɗi abin da aka ce mini kowane zuwa. Baba Mudi ya ce mace ce, ba ta san wahalar noma ba. Mai unguwa ya shafa gemu, shi ma da ganinsa a gajiye yake.

"Abin da muka tarar ke nan," in ji shi. "Rufi da indararo da bangon gabas, na mai gida ne. Wuta da shara da buɗe ƙofa iska ta shiga, na wanda ke kwana a ciki ne. Tasalla, kin hana a hau, wanda kika dogara da shi bai hau ba. Mati, ka bar ɗaki ba wuta. Ke ba ki yi naki ba, shi bai yi nashi ba. Ba ni da wanda zan kama in bar wani."

"Na ji, ranka shi daɗe," in ji Inna. "To wa za ya ba ni zarena?"

Hukuncin daidai ne, ban taɓa cewa ba daidai ba ne, amma ba wanda ya fita da komai a hannu. Baba Mudi ya ce a kore mu. Inna ta ce gidan mijinta ne, tana da rai tukuna, ta dafa kafaɗata muka koma.

Ba irin wankin da ban yi ba. Na wanke da sabulun salo, na jiƙa da ruwan toka, na goga lemun tsami na shanya a rana mai zafi. Koren ya fita, baƙin ya koma toka-toka, ya tsaya nan. Abin da ya fi muni, wasu wuraren zaren ya ruɓe, in kin murza da ƙarfi sai ya buɗe. Na daina murzawa.

Sai Mati ya kawo dabara, ni kuma na biye masa, Allah ya yafe mana. Ya ce tunda ba ta gani, mu canja guda shida da suka fi lalacewa. Na roƙi auduga a maƙwabta, na zauna na yi kaɗin da ban taɓa yin mai kyaunsa ba, ya saƙa, muka cusa su cikin sauran muka kai mata. Ta baje su a tabarma tana bi da yatsun nan nata karkatattu. Ta zare ɗaya ta ajiye gefe. Ta ci gaba, ta zare wata. Har shida, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

"Kaɗinki ya yi kyau, ɗiyata, amma hannunki na da sauri," in ji ta. "Ki yi zane da su. Ku maido mani nawa."

Kunya ta rufe ni, na fashe da kuka. Mati ya ce, "Inna, sun yi tabo, sun ruɓe."

"Ni ma na yi. Ka ɗinka shi haka nan." Sannan ta ce, "In ka gama ka hau soron nan ka duba mi ke can. Na gaji da tsaron gidan da ba wanda zan bar ma."

Washegari da safe ya yi sallama da ƙarfi don matan maƙwabta su kauce, ya jingina tsani ya hau. Ina tsaye a ƙasa. Ban ko gama tsince tsakuwar dawar da ke hannuna ba na ga ya leƙo. Sheƙar kurciya ce ta toshe bakin indararo, da 'yar ciyawa da ta tsiro a kanta, sai wata tsaga da ba ta fi taƙin hannu ɗaya ba inda ruwan ya kwanta. Ya cire sheƙar da hannu ɗaya ya jefo ƙasa. Ya liƙe tsagar da ƙasar da ba ta cika ƙoƙo ba. Aikin ke nan gaba ɗaya. Inna ta tambaya mi ya gani, na ɗauki sheƙar na sa mata a hannu. Ta juya ta, ta ce, "Wanga?" Na ce shi ke nan, Inna.

Ta rasu da kaka, ana tsakiyar yankan dawa, wata safiyar Laraba. Barakatu, tsohuwar da ke wankan gawa a unguwar, ita ta zo, ni na riƙa zuba mata ruwa. Muka gama, na ɗauko likkafanin. Duk turaren da na yi masa, warin na nan a ƙarƙashi. Barakatu ta buɗe shi ta ga tabon, ta dube ni.

"Ba wani fari a gidan nan? In aika gidana a kawo."

Na ce wannan ta ce, kuma da shi za ta tafi.

Muka naɗe ta a hankali kamar masu ɗaukar ƙwai. Saura ɗauri uku, a kai da tsakiya da ƙafa. Barakatu ta ɗauki ragowar ƙwaryar da Mati ya bari don haka, ta zagaya ta ja, ta tsinke. Ta ɗauki wani yankin ta ja a hankali, shi ma ya rabu a hannunta. Maza na waje da makara suna jira, wani har ya fara gyaran murya. Barakatu ta ce ba makawa a yago daga wani zanen.

Zuciyata ta ƙi. Matar nan ta haƙura da fari, ta haƙura da ƙamshi, abu ɗaya ta riƙe, kada zaren wani ya bi ta. Sai na tuna. Na ɗaga matashinta, ga ta nan a naɗe, ƙwaryar farko. Wata tara tana shan hayaƙin ɗakin, ta yi ja-ja kamar tsohon ƙoƙo, tana warin itace da daddawa. Ba tabo ko ɗaya. Barakatu ta ja ta da hannu biyu, ko gezau. Da wuƙa muka raba ta uku. Muka ɗaure kai, muka ɗaure tsakiya, muka ɗaure ƙafa, duka suka riƙe.

"Wannan fa mi aka yi mata ta yi ƙarfi haka?" in ji Barakatu.

Na ce ba a yi mata komai ba, hayaƙi ne kawai ya taɓa ta.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, Mati ya same ni a bakin soro. A wajen saka ta a kabari ya ga ɗaurin nan uku ja-ja a kan toka-tokan likkafanin, kuma ya gane saƙarsa. Bai tambaye ni ba. Mun san Baba Mudi ba zai bar mu mu kai wata damina a gidan ba, kuma bai bar mu ba. Amma ran nan, da tsakar rana, ana zafin kaka, Mati ya kwaso kara da itace ya shiga soron ya hura wuta a tsakar ɗaki. Ya zauna a gabanta, na shiga na zauna kusa da shi. Hayaƙi ya cika ɗakin ya hau azara, inda igiyar adudun take rataye har lokacin. Ya ishe mu duka biyu, ba wanda ya tashi.